Ina Himmar 'Yan Aji Ɗaya a Tsangayar Injiniya Take Tafiya?

A hutun da ya wuce na je gaishe da yayata, sai na tarar gidan babu walwala. Ɗanta na fari, wanda ya shiga jami'a bara yana karatun injiniyan lantarki, sakamakonsa na shekarar farko ya fito: ya faɗi kwas biyu, ɗaya na lissafi ɗaya na fizis, sauran ma da ƙyar ya haye. Mahaifinsa ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Kai ne ka yi irin karatun nan, ka yi masa faɗa. Yaron nan ba shi da himma, ita ce kaɗai matsalarsa." Na tambaya ina yake, aka ce yana gidan maƙwabta.

Can na same shi durƙushe a gaban inbatar sola da ya kwance, ya jera ƙananan kusoshin a cikin murfin kwano don kada su ɓace, mita a hannunsa, gumi ya jiƙa masa riga. Matar gidan ta ce tun bayan Azahar yake nan, ban da tashi sallar La'asar bai motsa ba, kuma abincin da ta ajiye masa har ya huce bai buɗe ba. Na tsaya ina kallonsa, maganar mahaifinsa tana yi mini yawo a kai. Yaron da zai shafe awa huɗu a kan allon wayoyi ba tare da an sa shi ba, ba kuma don za a biya shi ba, yaya za a ce ba shi da himma?

Na yarda da mahaifinsa a kan abu ɗaya: himma tana cikin manyan abubuwan da ke raba wanda zai haye da wanda zai faɗi a shekarar farko ta karatun injiniya. Inda muka rabu shi ne yadda yake ɗaukar ta kamar tsayi ko gajarta, wato halitta ce, wani an haife shi da ita, wani kuma babu. Ra'ayina shi ne yawancin yaran nan da himmarsu suke shiga jami'a, kuma yadda muka tsara aji ɗaya, da yadda iyaye suke tura 'ya'yansu fannin, su ne suke shanye ta kafin shekara ta zagayo.

Nauyin shekarar farko

Karatun injiniya a jami'o'in Najeriya shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, kuma a yawancinsu makin aji ɗaya yana shiga cikin jimillar da ake kira CGPA, wadda ake auna ta a kan maki 5. A darajar digiri, mataki na biyu na sama yana farawa daga 3.50, mataki na ɗaya daga 4.50. Idan muka ɗauka kowace shekara nauyinta ɗaya, ɗalibin da ya gama aji ɗaya da 2.00 sai ya riƙe kusan 3.88 a duk shekaru huɗun da suka rage kafin ya taɓa 3.50, alhali darussan ƙara tsauri suke yi. Ga kuma kwasan da ya faɗi, waɗanda ɗalibai ke kira kari-oba, sun hau kan na aji biyu suna cin karo da lokutan lakca.

Ɗalibai sun san wannan lissafin sarai. Da yawa daga ranar da suka ga sakamakon farko suke sauke burinsu daga "in zama injiniya" zuwa "in dai fita da takarda". Faɗuwar farko tana rage himma, raguwar himma tana jawo faɗuwa ta biyu, haka abin yake juyawa har aji biyar ko har kora.

Himmar da ta ƙare a bakin ƙofa

Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, himmar da ta kawo yaro jami'a tana da ranar ƙarewa. Tun daga ajin ƙarshe na sakandare abin da ke tashinsa da asuba shi ne ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, ya ci makin kirki cikin 400 a JAMB, ya ga sunansa a jerin waɗanda aka ɗauka. Ranar da sunan ya fito aka yi murna, 'yan unguwa suka fara kiransa Injiniya, to burin ya cika. Ya shiga jami'a babu mai tashinsa, babu mai duba littafinsa, jarrabawa tana can bayan wata uku ko huɗu, aikin yi kuma yana can bayan shekara biyar da hidimar ƙasa, in ma akwai shi. Idan babu wani abu a cikin karatun kansa da ke jan ransa, me zai zaunar da shi a kan tambayar kalkulas, wani reshe na lissafi, da ƙarfe goma na dare?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bambanta waɗannan abubuwa biyu. A 1971 wani masani a Amurka, Edward Deci, ya ba ɗalibai wasan haɗa tubala mai wasa ƙwaƙwalwa, ya biya wasu kuɗi a kan kowanne da suka warware, wasu kuma bai biya su ba. Da aka daina biyan, waɗanda suka saba karɓar kuɗi sai suka rage taɓa wasan a lokacin hutunsu. Daga baya shi da Richard Ryan, a Jami'ar Rochester, suka bayyana cewa himmar da ke ɗorewa tana tsayawa ne a kan abubuwa uku: mutum ya ji shi ya zaɓi abin da yake yi, ya ji yana iyawa kuma yana ci gaba, ya kuma ji yana cikin mutanen da suka damu da shi. Duk wanda ya taɓa koyon sana'a a gareji ko a shagon ɗinki ya san gaskiyar wannan ba tare da ya ji sunan kowane masani ba. Yaron da ya kawo kansa, maigida ya fara ba shi sifana ya kwance taya, aka ce masa "madalla", shi ne yake zama makaniki. Wanda aka kawo da bulala, shekara guda yana wankin kayan aiki da sayo abinci, gudu yake yi.

Mu auna aji ɗaya da waɗannan ukun. A kan zaɓi, kowa ya san ɗaliban da likitanci suka nema makinsu bai kai ba aka tura su injiniya, da waɗanda uba ne ya cika musu fom saboda yana son a ce gidansa akwai injiniya, da waɗanda suka zaɓi injiniyan man fetur don sun ji ana albashi mai tsoka. A kan iyawa, ɗalibi yakan yi gwaji a tsakiyar zango bai ga takardarsa ba har a shiga jarrabawa, saboda haka bai san inda ya yi kuskure ba balle ya gyara. A kan zama cikin jama'a kuwa, yaro ne da ya fito daga ajin mutum hamsin ko sittin inda malami ya san sunan mahaifinsa, ya faɗa ɗakin lakca mai ɗaukar ɗaruruwa, inda shi lamba ce kawai a takardar halarta. Ga ɗalibai mata abin ya fi tsanani, domin ƙalilan ne a ajin, kuma tun daga gida wasu sun sha jin cewa wannan karatun maza ne.

Shekara guda ba a taɓa komai ba

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Ɗan aji ɗaya a tsangayar injiniya kusan duk lokacinsa yana tafiya ne a lissafi, fizis, kemistiri da darussan gama-gari, tare da ɗaliban wasu sassan kimiyya, a hannun malaman da ba na sashensa ba. Na tuna lokacinmu, muna fita tun kafin bakwai na safe don kama kujera, wanda ya makara ya tsaya a taga, in aka ɗauke wuta lasifika ta mutu sai dai ka ga bakin malami yana motsi, daga baya ka ari littafin na gaba ka kwafa. Bitar hannu ta farko mai ɗan tsawo, wadda ake kira SWEP, sai bayan aji biyu. Zuwa masana'anta na wata shida a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta ƙirƙiro a 1973, sai aji huɗu. Yaron da ya taso yana ƙera mota da gwangwanin madara da tayar silifas, yana naɗa koyil ɗin fanka, an ce masa ya ajiye hannunsa shekara biyu ya haddace ƙa'idojin da babu wanda ya gaya masa ina za su yi masa amfani.

Sabon kundin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya sanya ɗan darasi kan matsayin injiniya a cikin al'umma da zanen injiniya tun a aji ɗaya, ya kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Wannan ci gaba ne, amma idan darasin ya koma takardun da za a haddace a zuba a jarrabawa, to an ƙara kaya ne kawai.

"Himma ba ta warware lissafi"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina, kuma malaman da ke faɗin ta suna da gaskiya. Akwai ɗaliban da suke zuwa da sakamako mai kyau a takarda amma ba su iya warware lissafin aji huɗu na sakandare ba, ko don makarantarsu ba ta da malamin lissafi, ko don an taimaka musu a ɗakin jarrabawa. Sha'awa komai yawanta ba za ta cike wannan ramin a dare ɗaya ba, kuma babu wanda yake son ya hau gadar da mai sha'awa maras lissafi ya zana.

Sai dai cike ramin aiki ne na watanni, na zama kullum a yi tambaya ashirin, a faɗi goma sha biyar, gobe a dawo. Wa zai jure wannan in ba mai himma ba? Raunin tushe ƙara nuna buƙatar himma yake yi. Kuma akwai binciken da ya kamata masu cewa "marasa ƙoƙari ne ke faɗuwa" su sani. Elaine Seymour da Nancy Hewitt sun zanta da ɗaruruwan ɗalibai a manyan makarantu bakwai na Amurka, suka wallafa sakamakon a 1997. Sun gano cewa waɗanda suka bar fannonin kimiyya da injiniya ba su bambanta sosai da waɗanda suka zauna ba ta fuskar ƙwaƙwalwa ko makin shiga. Abin da suka fi kuka da shi shi ne gushewar sha'awa, da rashin kyawun koyarwa, da cunkoson darussa. Amurka daban, mu daban, amma wanda ya zauna a ɗakin lakcarmu ba zai ji koken nan baƙo ba.

"Mu ma haka muka yi, kuma mun fita"

Ina jin wannan daga abokan karatuna, kuma na fahimci alfaharin da ke cikinta. Amma mu da muka fita mu ne muke ba da labari. Waɗanda aka kora, da waɗanda suka koma wani sashe, da waɗanda suka fita da mataki na uku suka jingine takardar, ba a gayyatar su su yi magana a taron tsofaffin ɗalibai. Na san biyu daga cikinsu da suka fi ni kaifin hannu nesa ba kusa ba.

Ba sauƙaƙa karatu nake nema ba. Uri Treisman, malamin lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya lura a shekarun 1970 cewa baƙaƙen ɗalibai masu ƙoƙari suna faɗuwa a kalkulas, alhali takwarorinsu 'yan asalin Sin suna hayewa. Da ya bi yadda suke karatu, sai ya ga na farkon kowa shi kaɗai yake kulle kansa, na biyun kuwa bayan karatun kaɗaici sukan haɗu su duba aikin juna su yi gardama a kai. Sai ya kafa zaman rukuni inda ake ba ɗalibai tambayoyin da suka fi na aji wuya su warware tare, kuma sakamakonsu ya tashi. A 2014 ma, Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 a fannonin kimiyya, lissafi da injiniya, suka samu cewa kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa a ajin da malami ke zuba lakca kawai, amma inda ake sa ɗalibai su yi aiki da tattaunawa a cikin ajin adadin ya sauka zuwa kusan kashi 22. Darasin ɗaya ne, jarrabawar ma ba a rage mata kaifi ba.

Yunwa da yajin aiki

Wani zai ce duk wannan maganar masu ƙoshi ce, kuma ba zan musa ba gaba ɗaya, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da abinci da na rajista sun tashi, akwai ɗaliban da sau ɗaya suke cin abinci a yini, akwai masu tuƙa adaidaita sahu da yamma don su biya kuɗin ɗaki. Lamunin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, mai ba da naira dubu 20 a wata na kashewa, ya rage wa wasu zafi. Yajin aikin malaman jami'a na 2020, wanda ya ɗauki kusan wata tara, da na 2022 mai wata takwas, sun koya wa ɗalibai da yawa cewa ƙoƙarinsu ba shi ne ke yanke ranar gamawarsu ba, kuma babu abin da ke kashe zuciya kamar wannan.

Duk da haka, a ɗakin kwana ɗaya, da tukunya ɗaya, za ka ga ɗalibai biyu masu talauci iri ɗaya, ɗaya yana riƙe da karatunsa ɗaya ya saki. Sau da yawa idan ka bincika za ka tarar na farkon yana da wani abu da ya riƙe: malami ɗaya da ya san sunansa, ko ɗan aji huɗu da ke yi musu bita ranar Asabar a ƙarƙashin ƙungiyar ɗalibai, ko wani aiki da yake mafarkin yi a garinsu.

Abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi

Na san jami'o'inmu ba su da wadatar kayan aiki, malamai kuma kaya sun yi musu yawa. Amma akwai abubuwan da kowane sashe zai iya yi a zango mai zuwa. A raba 'yan aji ɗaya rukuni na mutum biyar biyar, a ba su karan dawa da zare su gina gadar da za ta ɗauki bokitin yashi, a auna wadda ta fi juriya, sannan malamin fizis ya nuna musu a allo dalilin da ya sa ta wancan rukunin ta karye a tsakiya. A cika mota da su a kai su madatsar ruwa ta Tiga ko ta Kainji, ko kasuwar Panteka a Kaduna su ga masu ƙera injin niƙa da na casar shinkafa, su tambaye su me ya fi ba su wahala. A mayar musu da takardar gwaji cikin mako biyu. A ɗaure kowane ɗan aji huɗu da 'yan aji ɗaya biyar, a saka masa wannan a cikin makinsa. Jami'ar Wright State a jihar Ohayo ta gwada wani abu makamancin haka tun 2004: malaman injiniya da kansu suke koya wa 'yan shekarar farko lissafi ta hanyar matsalolin injiniya na gaske kafin su shiga kalkulas zalla, kuma wasu jami'o'in sun kwaikwaye ta.

Iyaye ma suna da nasu. Kafin a cika fom a tambayi yaro me yake so, a kai shi ya yini da mai aikin ya gani da idonsa. In sakamako ya fito da rauni, a fara da tambayar "me ya faru?" kafin a yanke hukunci. Ɗalibin kansa kuma ban wanke shi ba: wayar da ke cinye masa dare, da jiran sai saura mako biyu jarrabawa a fara kwanan karatu, laifinsa ne, kuma na gaya wa ɗan yayata haka ba tare da sakaya ba.

Amma kafin in gaya masa, na durƙusa kusa da shi a gaban inbatar nan na tambaye shi me ya sa fanka take gurnani idan aka haɗa ta da inbata mai araha. Ya ce, "Kawu, wutarta ce ba ta da santsi." Na ce ya zana mini wuta mai santsi, sai ya zana igiya mai hawa da sauka a ƙasa da tsinke. Na ce to wannan ita ce sayin da kuka yi a lissafi, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Mitarka tana nuna 230, amma ƙololuwar igiyar ta kai kusan 325, ka san daga ina bambancin ya fito? Ya girgiza kai. Na karɓi biro na rubuta masa a bayan kwalin inbatar, layi biyar, da irin kalkulas ɗin da ya faɗi a jarrabawa, har tushen biyu, lambar da ake ninka 230 da ita a samu 325, ya fito a ƙarshe. Ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya ce, "Kawu, wai dama wannan abin aikinsa ke nan? Wallahi ba wanda ya taɓa gaya mana."

Ya yage ɓangaren kwalin ya sa a aljihu. Yanzu ya koma makaranta yana maimaita kwasan biyu tare da na aji biyu, sun haɗa rukuni su huɗu suna zama bayan Isha'i, kuma kusan kowane mako sai ya turo mini hoton wata tambaya ta WhatsApp yana neman in gaya masa a wace na'ura ake amfani da ita. Wasu nakan amsa nan take, wasu sai na koma na buɗe tsofaffin littattafaina. Jarrabawarsu saura mako shida.